Yatsu Goma a Hoton Kawu Zenonas

Kawu Zenonas bai iya zama ba. Ban taɓa ganin ya ƙarasa kwanon miya a kan kujera ba. Zai kai cokali uku baki, ya miƙe, ya leƙa taga, ya dawo ya shanye sauran a tsaye, ƙafa ɗaya tana kaɗawa. Kakata takan ce tun yana ciki haka yake, wata huɗu ya hana ta sakat. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne mai hoton garinmu. Shekara talatin ya yi yana ce wa mutane kada su motsa, shi kuwa ko sau ɗaya bai bi wannan umarni ba.

Shagon da yake aiki a ciki na gwamnatin Sobiyet ne, kamar kowane shago a lokacin, ɗan ɗaki tsakanin mai gyaran takalma da mai aski. Aikinsa hoton katin shaida, da na aure, da na jana'iza, don a wajenmu ba a kai mutum kabari sai an fito da akwatinsa ƙofar gida, dangi sun kewaye shi, an ɗauki hoto. Bayan ɗauka sai gyara. A jikin fim baƙi fari ne, fari kuma baƙi, saboda haka duk inda ya goga fensir a fim sai wurin ya yi haske idan an wanke hoton. Da haka yake share wa amarya ƙuraje, ya rage wa shugaban gonar gwamnati tamoji, ya gyara wa mamaci fuska har matarsa ta ce bai taɓa yin kyau haka ba yana raye. Har daga ƙauyuka ake zuwa don gyaran nan, shi kuma ya tsane shi. A tsaye yake yinsa, yana tsaki.

Abin da yake so yara ne. Duk fim ɗin da ya rage bayan jana'iza a kanmu yake ƙarewa. Yana yawo a keke da irin kyamarar nan da ake rataya a ƙirji a leƙa ta sama, ba ka sanin ya ɗauke ka sai ka ji ƙas. Ya ɗauke mu a layin burodi, ya ɗauke mu muna tonon dankalin gonar gwamnati da takalman iyayenmu, ya ɗauke mu da majina da gwiwa a goge. Doka ɗaya yake da ita, kowa ya san ta: fensirinsa ba ya taɓa hoton yaro. Ya sha aika wa jaridar gunduma, ana dawo masa da su, har wata rana aka haɗo masa da 'yar takarda cewa yaran ƙasar Sobiyet ba sa majina. Ya manna takardar a bangon shago, ya ci gaba da tara hotunansa cikin kwalayen takalma a ƙarƙashin gado. Bai yi aure ba. An ce wadda ya so ta gaji da jiransa a tashar bas ta auri direban.

A shekarar 1968, ina da shekara tara, wata takarda ta zo masa daga Vilnius, babban birninmu. Za a baje kolin hotunan yara, ana so ya aiko da guda goma. Shekararsa arba'in da shida, kuma wannan ne karo na farko da wani a birni ya san da zamansa. Kwana uku ya yi yana karanta wa kowa takardar, har da mai aski da rezarsa a wuyan mutum. Sai dai kafin hoto ya bar garinmu dole ya bi ta hannun Kwamared Gudaitis, mutumin jam'iyya mai mulki, mai kula da abin da jama'a za su gani da abin da ba za su gani ba.

Cikin wannan ɗokin Ista ta zo, bikin Kirista da gwamnatin lokacin ba ta son a yi.

Mahaifiyata, Malama Eugenija, ita ke koyar da aji uku. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, muna zaune ni da ita da Kaka a ɗaki biyu na makaranta, a bayan azuzuwa. Ɗakin na makaranta ne, itacen wutar ma na makaranta ne. Kowace Litinin bayan Ista akwai aikin da ake ba malamai: yara su jera hannuwa a kan tebur, malama ta bi ta duba. Wanda aka ga rini a yatsunsa an san gidansu sun rina ƙwai, sun yi bikin coci, sai a rubuta sunansa a kai wa hedimasta, a kira iyaye. Malamar da aka kama a nata gidan kuwa ba kira ake yi ba, sallama ce. Shekara biyu kafin nan an kori wata a ƙauyen da ke gaba da mu don kawai ta bi gawar ubanta cikin coci.

Kaka ba ruwanta da wannan duka. Ranar Asabar da rana, Mama na taron malamai, ta ja labule ta ɗora tukwane biyu na rinin ƙwai. Ɗaya ɓawon albasa ne, shi ke ba da ja. Ɗayar ɓawon itace ne da tsoffin ƙusoshi masu tsatsa da ta jiƙa tun sati biyu, shi ke ba da baƙi, kuma shi ne ba ya jin sabulu. Ta ce in yi amfani da cokali. Da ruwan ya huce na ga cokali yana ɓata min lokaci, na tsoma hannu biyu.

Mama ta dawo ta ga yatsuna, ta ja ni wurin bokiti. Ta goga sabulu, ta goga yashi, ta goga ɗanyen dankali, ta zuba ruwan tsami har fatar ta fara zafi. Baƙin nan yana nan daga farce har gaɓa ta biyu. Ranar Litinin ta ce ina da zazzaɓi, kada in kuskura in sauko daga gado, ta ɗaure gashinta ta tsallaka tsakar gida ta tafi duba hannuwan 'ya'yan mutane.

Ni kuma jinin Kawu ne a jikina. Kafin ƙarfe goma na fita ta taga, na zaga bayan rumfar itace, wajen rafi, inda ƙanƙara ta gama narkewa ƙasa ta zama taɓo. Ina nan ina jifan ruwa sai ga shi a keke, yana dawowa daga wata jana'iza.

"Ke mara lafiya, me kike yi a nan?"

Maimakon in amsa sai na ware masa yatsuna goma a gaban kyamarar, ina dariya da giɓin haƙorana, ina alfahari. Na ji ƙas.

Har yau idan na tuna abin da ya yi bayan nan raina yana ɓaci. Babban mutum, da furfura a kansa, ya san aikin ƙanwarsa, ya san ranar da ya ɗauki hoton. Amma da ya wanke ya gani, komai ya fita daga kansa. Ranar Laraba ya haɗa shi cikin ƙananan hotuna talatin, kowanne bai fi kwalin ashana ba, ya kai wa Gudaitis. Mutumin ya ture na layin burodi, ya ture na takalma, ya ture duk mai majina, da ƙyar ya tsinci tara marasa gishiri. Sai ya zo kan nawa. Idonsa ba shi da ƙarfi, hoton kuma ƙarami ne, baƙin yatsun ya yi masa kama da inuwa. Ya ce ga yarinya mai fara'a, 'yar wace ce? Kawu ya faɗa masa. Ya ce madalla, 'yar malama, a ƙara masa girma ya kai faɗin taga, a kawo masa ranar Juma'a. Sai a kan matakala, yana saukowa, Kawu ya gane abin da ya aikata.

Da yamma ya zo gidanmu. Bai cire hula ba. Yana zagaya teburin girki yana bayani, Mama na tsaye da wuƙar yanka burodi a hannu.

"Yaya, kana da hankali kuwa?"

"Sai in ce dankali ta tona."

"A watan Afrilu? Wane dankali?"

"To tawada. Yara suna ɓarin tawada."

"A yatsu goma, har gaɓa biyu, washegarin Ista? Shi ba uwa ce ta haife shi ba? Ka zaci bai taɓa tsoma hannu a tukunyar uwarsa ba?"

Ya ce zai ce fim ɗin ya lalace. Ta ce za a ce masa ya kawo lalataccen a gani. Ya ce zai ƙona shi. Ta ce sai a tambaye shi me ya gani a ciki da har ya ƙona. Kaka daga kusurwa ta sa baki ta ce ai rinin ya yi kyau bana, duka biyun suka juyo suka ce ta yi shiru. Kawu ya kai taga ya dawo, ya ɗauki cokali ya ajiye, ya ce shi fa shekara ashirin yana bin yara da kyamara yana jiran hoto ɗaya, kuma wannan ne. Ya ce duk wanda ya gan shi a ƙasar nan zai gane, ba sai an rubuta komai a ƙasansa ba.

"Ai abin da nake faɗa ke nan," in ji Mama. "Kowa zai gane. Kai kana da hoto ɗaya, ni ina da ɗaki biyu da tsohuwa da yarinya. Ina zan kai su, ƙarƙashin gadonka cikin kwalayen takalma?"

Sai ta ajiye wuƙar, muryarta ta sauka.

"Shekaranjiya na rubuta sunan yara bakwai, Yaya. Da hannuna. An kira uwayensu sun tsaya a gaban hedimasta kamar ɓarayi, ina zaune. Idan suka ga wannan hoton, ko ba a kore ni ba, da wane ido zan bi titin garin nan?"

Tsoro na ji a lokacin, don ban taɓa ganin Mama ta roƙi kowa ba. Kawu ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya ce gobe da safe a ba shi ni, sannan ya fita bai rufe ƙofar ba.

Da sassafe ranar Alhamis ya ɗora ni a bayan keke, hannuwana cikin safar hannu, muka tafi shago. Ya rataya allon da ke cewa ya tafi jana'iza, ya kulle mu a ciki. Ya jawo teburin gyara bakin taga inda haske ya fi, ya shafa wa fim ɗin wani ɗan mai don fensir ya kama, ya fere fensir har bakinsa ya yi tsawon allura. Ya sa ni na ɗora hannu a gefen tebur, bayansa a sama, don ya riƙa ganin yadda fatar take inda rini bai kai ba. Sannan ya jawo kujera ya zauna.

Awa huɗu ya yi. Fim ɗin bai kai tafin hannuna ba, kowane yatsa a ciki bai fi ƙwayar shinkafa ba, shi kuma yana bin su da ɗigo-ɗigo ta cikin gilashin ƙara girma. Ƙafarsa ba ta kaɗa ba. Ni ce na hana kaina sakat. Na ƙirga ƙusoshin silin, na saurari mai takalma yana bugu ta bango, na ce ina jin fitsari, na ce hannuna ya gaji. Bai ko ɗago kai ba. Da ya gama ƙaramin yatsan hagu, na ƙarshe, ya ajiye fensirin a hankali, ya ce da ni, "Ga ki nan tas, 'yar malama." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Gudaitis ya ga babban hoton ya yaba ƙwarai. A Vilnius kuwa masu zaɓe suka dawo da goman duka. Daga baya wani ya faɗa wa Kawu cewa sun ce hotunan mai shagon ƙauye ne, na yarinyar kuma an shirya shi ne, don me zai sa yaro ya ware wa kyamara hannuwa haka kawai? Ba su sake rubuto masa ba. Amma Gudaitis bai bar hoton ya tafi a banza ba, ya miƙa shi ga masu kula da lafiya. Kafin kaka ta kama an buga shi fosta, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa a wanke hannu kafin cin abinci.

Babu makaranta ko ɗakin shan magani a gundumarmu da ba a rataya ni ba. Na ci abinci a ƙarƙashin hotona shekara takwas. Sunana Morta, amma ya ɓace, na koma Sabulu, har waɗanda aka rubuta sunansu a wannan Litinin ɗin suna kirana haka, ba su san komai ba. Na tsani hoton, na daɗe kuma ina jin haushin Kawu, ko da yake na san dalilin. Mama ta ci gaba da koyarwa, ta ci gaba da duba hannuwa kowace shekara, har ta yi ritaya a ɗaki biyun nan. Ita da yayanta ba su sake ta da maganar ba. Duk Lahadi tana aika masa da wainar dankali, shi kuma yana cinyewa a tsaye. Bai daina bin yara da kyamara ba, sai dai bai ƙara aika wa kowa komai ba.

Mulkin Sobiyet ya faɗi. Gudaitis ya koma zama a sahun gaba a coci, har shi ke riƙe kyandir mafi tsawo. Mutane suka fara fito da abubuwan da suka ɓoye, ni kuma na ce wa Kawu ya kamata mu ba da labarin hoton nan. Ya ce labarin ba namu ba ne mu kaɗai, in bar shi. Yara bakwai ɗin nan da Mama ta rubuta sunansu suna gari, biyu ma suna gaishe da Mama a kasuwa.

Mama ta rasu a farkon 1992, cikin sanyi. Da bazara wata budurwa ta zo daga Vilnius tana tattara hotunan zamanin da ya wuce don a adana. Wani ya nuna mata gidan Kawu. A lokacin ya cika saba'in, hannunsa yana rawa, yanar ido ta rufe masa ɗaya ta kama ɗayan. Na je na taya shi jawo kwalayen. Yarinyar ta zauna a ƙasa tana buɗewa, tana ta cewa ina aka ɓoye wannan mutumin, har da ƙwalla a kan na layin burodi. Da ta zo kan fostar sai ta ture ta gefe da yatsa ɗaya, ta ce wannan dai na gwamnati ne, irinsu sun yi musu yawa. Na buɗe baki zan wanke ta tas, Kawu ya taka min ƙafa.

Bayan ta tafi masauki ya yi ta zagaya ɗakin, yana karo da kwalaye. Can ya ce in duba bayan agogon bango. Ambulan ne, fim ɗin yana ciki. Na karkata shi wajen taga, sai fensirin ya yi walƙiya a kan yatsu goma. Ya miƙo min auduga da wata 'yar kwalba mai warin man masu fenti.

"Man da na shafa kafin fensir, wannan yana narkar da shi. Fensirin zai biyo."

Na tsaya ina kallonsa. "Kawu, dama yana gogewa? Shekara ashirin da huɗu?"

"Uwarki tana da rai."

Ya ce amma in sani, ya daɗe fiye da yadda ya kamata. Mai yiwuwa ruwan kwalbar ya ɗauke fensirin kaɗai, mai yiwuwa ya ɗauke har da hoton, kuma ba shi da wani. Shi hannunsa ba zai iya ba, idonsa ma ba zai ga sakamakon ba. Na ce mu bari a kai wa masana a birni. Ya ce hannuwana ne, ni na ɓata su, ni zan dawo da su, kuma yarinyar nan bas ɗin safe za ta bi.

Na zauna a bakin taga da gilashinsa. Na naɗa auduga a kan tsinke, na tsoma, na taɓa ƙaramin yatsan hagu. Na fara gogawa a hankali. Kawu yana bayana yana kai da kawo, daga ƙofa zuwa gado, daga gado zuwa ƙofa.

"Ya dawo?"

"Ka bari mana."

"Morta, ya dawo ko bai dawo ba?"

Audugar ta yi toka-toka. A ƙarƙashinta yatsan ya fito fari tas, haske yana ratsa shi, daga farce har gaɓa ta biyu. Fari haka a fim shi ne baƙi ƙirin idan an wanke hoto. Na juyo wajensa.

"Ya dawo, Kawu."

Na ji ya laluba kujera ya jawo ta kusa da ni ya zauna, har ina jin numfashinsa. Ya ce in riƙa faɗa masa kowanne idan ya fito. Na faɗi na biyu, na faɗi na uku. A na huɗu ya kasa, ya miƙe ya koma zagayensa. Na sake tsoma audugar, na ci gaba da kira masa su da ƙarfi don ya ji daga duk inda ya kai a ɗakin.